Naman da Luba Ta Roƙa

Duk unguwarsu a Wudil, in ana lissafin mata masu kunyar ɗan fari, da Malama Sakina ake farawa. Abin har mamaki yake ba mutane, don mace ce mai ilimin boko, tana koyarwa a firamare, kullum da safe sai ta kira sunan yara hamsin da ɗoriya daga rajista ba ta yi tuntuɓe ba. Amma sunan 'yarta ta fari, yau shekara goma, bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce "yarinyar nan" ko "ta wajen Inna". In yarinyar na kusa kuwa, "ke" ta wadatar. Dangin mijinta na ƙauyen Achika sukan ce, "Matar Isyaku akwai kara, sai ka ce ba 'yar zamani ba." Ita kuma sai ta sunkuyar da kai, a zuci tana jin daɗi, don yabon dangin miji ba kullum ake samunsa ba.

Sunan yarinyar Lubabatu, ana ce mata Luba. Sunan ƙanwar Isyaku ta ci, wadda ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta, saura wata biyu Sakina ta sauka. Da lokacin yaye ya yi aka kai Luba Achika wurin kakarta Inna Hansai, kamar yadda aka saba, da nufin ta yi sati biyu ta manta da nono. Sati biyu ya zama wata biyu. Ranar da Isyaku ya je ɗauko ta, tsohuwar ta ƙanƙame ta tana kuka, ta ce tun da aka binne mai sunan ba ta yi barcin kirki ba sai da yarinyar nan ta zo. Wa ke iya ɓamɓare jika daga ƙirjin mahaifiyarsa a irin wannan hali? Ya dawo shi kaɗai. Sakina ta shiga banɗaki ta sha kukanta, ta wanke fuska, ta fito ta ce, "Ai duk ɗaya ne." Da aka haifi Jamil sai kowa ya kama kiranta Maman Jamil, shi kuma Baban Jamil, aka tsallake ta farin kamar yadda kunya ta tanada. Bayan Jamil sai Khaulat.

Luba takan zo Wudil jefi-jefi, in Inna ta shigo asibiti ko barka, su wuni su koma. Isyaku "Yaya" take ce masa, don ta tashi ta ji haka ƙannensa ke kiransa. Sakina kuma "Anti". Ba wanda ya ga aibun hakan, 'ya'yan fari da yawa haka suke tashi.

To, bana Allah Ya kira Inna Hansai aikin Hajji. Da za su tafi sansanin alhazai sai aka kawo Luba Wudil da 'yar jakarta, ta zauna har tsohuwar ta dawo. Karo na farko ke nan tun yaye da za ta kwana fiye da biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya da wadda ta haife ta.

Yarinya ce da kowa zai so a ce tasa ce. Kafin a tashi ta share tsakar gida. In an miƙa mata abinci sai ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta ce, "An gode, Anti, Allah Ya saka da alheri." Ba ta hawa kujerar falo sai an ce ta hau, ba ta buɗe firij, kuma in Khaulat ta fizge abu a hannunta sai ta sakar mata. Sakina ta dubi duk wannan ta ce lallai Inna ta iya tarbiyya. Ladabi ta gani, ba ta tsaya ta tambayi kanta dalilin da yarinya za ta yi zaman baƙunta a gidan ubanta ba.

Ba wai ba ta son ta ba ne. Ai son da ake ɓoyewa ya fi cin rai. Ta tagar kicin take leƙen ta, ta san tabon da ke idon sawunta na hagu, ta lura da yadda take karkatar da kai in tana saurare, sak marigayiyar mahaifiyar Sakina. In ta zuba musu abinci, tsokar kifi mafi girma tana ƙasan malmalar Luba a ɓoye. Kayan Sallah ma leshin Luba ya fi na kowa, amma hannun Isyaku ta ba ta ce ya miƙa mata, kada ya ce daga wa. Ranar kitso ta zaunar da Khaulat tsakanin ƙafafunta tana yi tana mata waƙa, Luba kuwa aka ce ta tsallaka gidan Rabi maƙwabciyarsu, don kada wata ta shigo ta tarar da ita ta tasa 'yar fari gaba tana shafa mata kai.

Washegarin Sallah aka sauke ragon da ya kwana a rataye. Tun hantsi gidan ya kacame. Isyaku da mahauci suna zaure suna sassara ƙashi, mata suna tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Rabi ta shigo taya aiki, tare da wasu maƙwabta biyu, ana yanka ana kasawa, na gidan wane a wannan faranti, na gidan wance a wancan. Mai yana tafasa a babbar tukunya, hadarin da ya taso da safe ya watse ya bar zafi. Jamil da Khaulat sai kai da kawowa suke da leda a hannu, kowa na son a aike shi gidan da ake ba da tukwici mai tsoka.

Sakina na zaune a kujera 'yar tsugunno tana raba cinya, sai ta ga inuwa a gabanta. Luba ce ta durƙusa, da hijabinta a wuya.

"Anti, don Allah in da hali a ɗan yanko min kaɗan. Ɗanye nake so. A cire a cikin rabona, ba sai na ci soyayye ba."

Tun da ta zo gidan ba ta taɓa roƙon komai ba. Sakina ta ji wani daɗi ya ratsa ta, amma ba ta ɗago ba. Rabi ce ta amshe, da ma bakinta ba ya hutawa.

"Ikon Allah! Luba, ko kin kafa murhunki ne a bayan ɗaki ba mu sani ba?"

Luba ta yi murmushi. "Sadaka zan kai, Anti Rabi. Duk Sallah Inna tana ba ni in kai gidan liman a yi wa Mamana addu'a. Bana ba ta nan, kada a tsallake."

Mamana. Sakina ba ta taɓa jin kalmar daga wannan bakin ba. Ashe duk shekara yarinyar nan na tunawa da ita, har da sadaka? Ta ƙara sunkuyar da kai don kada a ga fuskarta, ta kai wuƙa kan tsokar da ta fi kyau.

"Allah Sarki," in ji Rabi, tana satar kallon Sakina da tsokana. "To addu'ar me ake mata? Ƙarin albashi?"

"A'a. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta."

Wuƙar ta tsaya a tsakiyar naman. Ba abin da ake ji sai tafasar mai da sarar gatari daga zaure.

"A'uzubillahi!" Rabi ta dafe ƙirji da hannunta mai maiƙo. "Ke Luba, bakinki ya sari ɗanyen kashi! Ga uwarki zaune da ranta da lafiyarta!"

Luba ba ta ko razana ba. Da gani ta saba jin irin wannan. "Na sani, Anti Rabi. Ai Anti ma uwata ce, kowa yana gaya min, kuma wallahi tana min kirki. Ni wadda ta haife ni nake nufi."

"Wace ce ta haife ki?"

"Lubabatu, 'yar Inna. Wajen haihuwata ta rasu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji ɗaya daga cikin matan a hankali. "Wa ya faɗa miki wannan magana, 'yar nan?"

"Ba wanda ya faɗa min. Ni na gane da kaina, tun ina aji biyu." Ta faɗe shi da 'yar alfahari, irin ta yaron da ya ci lissafi mai wuya. "A ajinmu akwai Hanifa, ita ma mamarta wajen haihuwarta ta rasu, sai aka mayar mata da sunan, kuma ita ma a wurin kakarta take. Ni ma sunanta aka sa min. Kuma an ce shekarar da ta rasu aka haife ni. In Inna ta kalle ni wani lokaci sai ta yi ta hawaye. Ba sa son faɗa min ne don kada in yi kuka, ni kuma ban nuna musu na sani ba."

Jamil, da ya dawo daga aike yana tsaye da leda a hannu, ya ga magana ta zo inda ya sani. "Marainiya ce fa, Mama. Ta nuna mana hoton mamarta, yana cikin jakarta. Shi ya sa na bar mata katifata, malaminmu na Islamiyya ya ce a riƙa tausaya wa maraya."

Sakina ta ji kunnuwanta sun toshe, tsakar gidan ya yi mata nisa. Ta san abin da ya kamata ta faɗa, kalmomi huɗu ne kacal, kuma suna nan a maƙogwaronta. Amma ga ido shida na manyan mata a kanta, ga shekara goma da ta yi tana horar da harshenta kada ya kuskura. Luba na durƙushe tana jira, da alamar ta fara jin kunyar ta yi roƙo. Hannun Sakina ne ya yi aikin da kansa. Ya ƙarasa yanka tsokar, ya saka a leda, ya miƙa.

"Ungo."

"An gode, Anti. Allah Ya ba da lada." Ta gyara hijabi, ta tambayi Jamil ko zai nuna mata gidan liman, suka fita tare.

Rabi ta bi su da kallo har suka ɓace a zaure, sannan ta juyo. Tsokanar nan duk ta gudu daga fuskarta.

"Maman Jamil, kin san abin da kika yi yanzu kuwa? Sadakar mutuwarki kika bayar da hannunki."

Sakina ta miƙe, farantin da ke cinyarta ya kife a ƙasa, ba ta waiwaya ba. Ta tsaya bakin zaure ta ce, "Baban Jamil, zo." Muryar da ta yi maganar ce ta sa ya ajiye abin da ke hannunsa ba tare da ya ce ana aiki ba.

A ɗaki ta zayyana masa. Da farko dariya ya yi.

"Kai, yara! Shirme ne kawai, Sakina. Ki ce mata ba haka ba ne, shi ke nan."

"Shirme? Tun tana aji biyu. Shekara uku ke nan 'yarka na kai sadakar uwarta gidan liman. Kai kuma me take ɗaukarka? Ka tambayi kanka?"

Ta ga lokacin da abin ya isa gare shi, don fuskarsa ta canja. Ya zauna bakin gado, bai damu da jinin da ke jikin rigarsa ba.

"Kawu," ya ce a hankali. "Wan uwarta. Subhanallahi." Can ya ɗago. "Wallahi bara da na kai mata jakar makaranta, godiyar da ta yi min sai da na ji nauyi. Har cewa ta yi Allah Ya raya min su Jamil. Na ɗauka wayo ne irin na yaran da suka tashi hannun tsofaffi."

"Kai da kake zuwa Achika duk Juma'a ba ka gani ba."

"Ke da kika haife ta fa? Ko kallon ido da ido kin taɓa yi mata?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Shi ma ya ga ya yi ɓarna, ya sassauta murya ya ce a bari Inna ta dawo a zauna a tsanake, wannan magana ta manya ce, kada a firgita yarinya a tsakiyar Sallah. Sakina ta ce Inna sai nan da sati uku, ita kuwa ba za ta ƙara kwana ko ɗaya a kabari ba. Ta ce ya kira Inna yanzu.

Tsohuwar ba ta riƙe waya, sai ta hannun Hajiya Uwa, wata 'yar garinsu da suke tanti ɗaya a Mina. Sau uku ana kira kafin ta shiga. Hayaniya ce ta fara cika ɗakin, sannan muryar Inna, a gajiye amma cike da murna. Aka gaisa, ya ibada, ya zafi, ya ƙafa, an yi jifa lafiya, ya yara, an yi layya lafiya, ina Lubata, tana cin abinci kuwa? Isyaku ya yi ta kewaye-kewaye har Sakina ta karɓi wayar. Ba ta taɓa yi wa surukarta magana ba tare da ta rusuna ba, ko a waya ne, amma yau a tsaye take.

"Inna, yarinyar nan cewa take uwarta ta rasu. Cewa take marigayiya ce ta haife ta."

Ta jira salati, ta jira tsohuwar ta rafka ihu. Ba ko ɗaya. Sai hayaniyar alhazai kawai, har ta ɗauka layin ya yanke.

"Inna?"

"Ina jin ki, Sakina." Muryar ta yi ƙasa. "A wurin da nake ba a ƙarya. Na sani."

Isyaku ya miƙe tsaye.

"Ba ni na faɗa mata ba, Allah Shi ne shaida. Wata rana na ji ta a bayan ɗaki tana nuna wa ƙawarta hoton, tana cewa ga mamata. Na yi niyyar in fito in gyara. Sai ƙafata ta ƙi. Sakina, yarinyata ta tafi ba ta bar ko ƙyalle a duniya ba, ba mai cewa Allah Ya jiƙan uwata saboda ita. Da na ji an kira ta mama, sai na ji kamar an dawo min da wani abu. Na ce gobe zan faɗa mata. Goben ce har yau." Ta fashe da kuka. "Na ga ke ba ki damu ba. Ko tambayarta ba kya yi in kun zo. Na ce tana da wasu biyu, wannan ɗin ba za ta ji ba. Ki yafe min don darajar inda nake."

Ba ki damu ba. Sakina ta zare wayar daga kunnenta ta kalle ta. Shekara takwas tana haɗiye tambaya a gaban matar nan, tana cije leɓe kada ta ce ya jikin yarinyar, ta yi ƙiba ko ta rame, duk don a ce tana da kunya. An kuwa ce tana da ita. Ashe wadda ake yi dominta ma ba kunya ta gani ba. Ta miƙa wa Isyaku wayar ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Ba ta koma wurin suya ba. Rabi ce ta ƙarasa komai, ta sallami matan, kuma ko ba a faɗa ba an san kafin magariba labarin ya zaga unguwa. Da a jiya ne wannan kaɗai ya isa ya hana Sakina sukuni. Yau ko a jikinta. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta tono wata tsohuwar ambulan, ta zauna da ita a cinya. Ta ji dawowar yaran, ta ji Luba na ba Rabi labari da murna cewa matar liman har ta dafa kanta ta yi mata addu'a mai tsawo. Ta ji an kira la'asar. Ta yi salla ba ta san me ta karanta ba.

Da ta sallame ta ɗaga labule. Luba na bakin rijiya tana wanke farantai, ba wanda ya sa ta.

"Ke, bar wannan. Zo."

Luba ta shigo tana goge hannu a zaninta, ta durƙusa daga bakin ƙofa, idonta cike da tsoro. "Anti, ko naman ne? Wallahi ban san ba a so ba."

"Ba naman ba ne. Matso. Hau nan."

Ta hau bakin gadon a ɗarare, rabin jikinta a waje. Sakina ta zaro hoto daga ambulan ta ɗora mata a cinya. Hoton ranar suna ne, wata yarinyar mace da lalle har gwiwar hannu, ta kawar da kai gefe, an ɗora mata jaririya a cinya da ƙyar don mai hoto ya matsa.

"Wace ce wannan?"

Luba ta duba. "Ke ce, Anti. Da Jamil."

"Ba Jamil ba ne." Ta ɗora mata katin asibiti a kai, wanda ya yi laushi don tsufa. "Kin iya karatu. Karanta sunan jaririya, ki karanta sunan uwa."

Yarinyar ta bi layin da yatsa, leɓenta na motsi. Ta kai ƙarshe, ta koma farko.

"Ni na haife ki," in ji Sakina. "A nan Wudil, ranar Talata, ana ruwa. Kwana biyu ina naƙuda. Lubabatun Inna gwaggonki ce, ta rasu kafin a haife ki, ɗanta ma bai zo da rai ba. Sunanta kawai kika ci. Wanda kike ce wa Yaya ubanki ne. Ni ce uwarki, ba irin wadda ake faɗa don kara ba. Nonona kika sha shekara biyu."

Ta yi zaton yarinyar za ta yi kuka, ko ta faɗo jikinta, ko ma ta ce ƙarya ne. Ta shirya wa duk ukun. Luba ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna kamar an dasa ta, idonta a kan hoton.

"Inna ta sani?"

"Ta sani."

"Anti Rabi ma?"

"Kowa ya sani."

"Har 'yan garinmu?"

"Har su."

Luba ta gyaɗa kai a hankali. "Jamil da Khaulat, cikinmu ɗaya ke nan."

"Cikinku ɗaya. Ke ce babba."

A waje ana ta ƙarar ƙaramar bindigar wasa, yaran unguwa na yawon Sallah. Sakina ta fara magana da sauri, tana tsoron shiru. Ta ce al'ada ce, haka ta tarar ana yi, ita ma yayarta ta fari haka aka yi mata. Ta ce Inna ce ta roƙa, lokacin tana cikin baƙin ciki. Ta ce leshin Sallar nan ita ta zaɓa, sai da ta shiga shago huɗu. Tana faɗa tana jin yadda maganganun ke zubewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya isa inda take so ya je.

Luba ta bari har ta gama, don an koya mata ba a katse babba. Sannan ta ɗago ta dube ta ido cikin ido, abin da ba su taɓa yi ba.

"Da nake cewa ta rasu, ba na jin haushinta," ta ce. Ba faɗa a muryarta, bayani kawai take. "In na ga ana yi wa yara kitso, ko an zo ɗaukarsu a makaranta, sai in ce ni ma da tawa tana da rai da ta zo. Na san ba laifinta ba ne. Mutuwa ce ta hana ta." "To ke, Anti, kina da rai."

Hawaye kawai ke zubo wa Sakina, ba ta ko share ba.

Sai ga kukan Khaulat daga tsakar gida, da alama ta faɗi ne ko Jamil ya ƙwace mata wani abu. "Mama! Mama!"

Luba ta zame daga gadon da sauri, ta ajiye hoton da katin a kan matashi, ta gyara su daidai, ta matsa gefe don ta ba da hanya.

"Ki je, Anti. 'Yarki tana kuka."

Sakina ba ta tashi ba. Ta miƙa hannu ta kamo na Luba, ta riƙe gam. Khaulat na ta kira a waje, har aka ji Isyaku ya fito yana rarrashinta. Luba ba ta fizge ba. Ta tsaya a gaban gadon, kanta a ƙasa, hannunta a sake cikin na Sakina, yadda yaro mai ladabi ke bari baƙuwa ta riƙe shi har sai ta gaji ta saki.